Yaya zan yi wa 'yata bayanin guraben da aka ware wa Maori da 'yan tsibiran Fasifik?

Maman Ummi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abu ya tsaya mini a rai, na ce bari in nemi shawara, musamman wurin waɗanda ke zaune a Niyu Zilan ko suka yi karatu a cikinta.

Shekararmu goma sha ɗaya a ƙasar nan. Aiki ne ya kawo maigida, ni kuma ina aiki a wata makarantar renon yara. Babbar 'yarmu tana da shekara takwas muka zo, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita. A nan yaro ba ya shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare. Sai ya yi shekara guda ta kimiyyar lafiya a jami'a, shi da ɗaruruwan yara masu buri irin nasa, a ƙarshen shekara a tace su a ɗebi kaɗan. Jami'o'i takwas ne a ƙasar, biyu kacal ke yaye likitoci a yanzu.

Na ga irin wahalar da yarinyar nan ta sha. A hostal ta zauna. Watan Yuni da Yuli, lokacin da sanyi ya fi tsanani a nan, sai an rufe laburare take komawa ɗaki, ta kira ni muryarta a dishe. Ba a barin mutum ya shigo da nama ƙasar nan, don haka da hannuna nake yi mata dambun nama in aika ta gidan waya, saboda na san in ba shi ba, burodi da shayi za ta wuni a kai. Ta rame har na fara tsorata.

A watan Disamba sakamako ya fito. Makinta ya yi kyau ƙwarai, amma bai kai inda aka yanke ba. Ba ta samu ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Tana da ƙawa tun ajin farko na sakandare, yarinya 'yar Maori, wato 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, mai hankali da ladabi. A gidanmu ta koyi cin tuwo da miyar kuka, Anti take ce mini, har sallama ta iya. Tare suka yi wannan shekarar. Ita ta samu, ta hanyar guraben da aka ware wa Maori da 'yan tsibiran Fasifik, kuma makinta bai kai na 'yata ba. Ba zato nake ba, da bakinta ta faɗa mata a waya tana kuka, tana ba ta haƙuri kamar wadda ta yi laifi.

Daren nan 'yata ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Mama, me na yi? Kakana ba shi ya ƙwace musu ƙasa ba." Wallahi na rasa abin cewa. Dalilin shiruna kuwa shi ne, ni 'yar Jigawa ce, kuma na san sarai da kason jihohin da aka bari baya a ilimi na shiga jami'ar tarayya a gida. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita, 'yar kudu, ta fi ni maki nesa ba kusa ba, kuma sai a zama na biyu ta samu shiga. Ta taɓa ce mini "'yar kota" a gaban mutane, na yi sati ban ci abinci da daɗi ba. Ban taɓa ba yarana wannan labarin ba.

Yanzu kwana goma sha biyu kenan 'yata ba ta ɗaga wayar ƙawarta. Don Allah masu sani, mene ne asalin wannan tsarin? Adalci ne? Kuma yaya zan yi mata magana ba tare da na raina zafin da take ji ba, ba kuma tare da ta ƙullaci yarinyar da ba ta yi mata komai ba?

Ɗan Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya wa Ummi zuciya, ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Ni digiri na uku na zo yi a kemistiri, kuma shekara huɗu ina koyar da darasin bita ga 'yan shekarar farko, ciki har da ajin yamma na ɗaliban Maori da na tsibirai. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Tun kafin a zo jami'a ake rabuwa. Kin san takardar sakandaren nan, NCEA, ba ita kaɗai ke ba yaro damar shiga jami'a ba. Sai ya samu kiredit 14 a kowane ɗaya daga darussa uku da aka amince da su a mataki na uku, wato ajin ƙarshe, ga kuma 10 na karatu da rubutu, da 10 na lissafi. Yaro zai iya gama sakandare da takarda a hannu, iyayensa su yi walima, sai an zo neman jami'a a ce masa darussan da ya tara ba sa cikin waɗanda ake karɓa. Wa ya zaɓa masa su? Yana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar wani malami ya dube shi ya tura shi ajin lissafi mai sauƙi, ya ce ai kai wasan rugbi ya fi dacewa da kai. Ke da maigida kun yi jami'a, da an yi wa Ummi haka washegari kuna ofishin shugaban makaranta. Uwar da ke sharar ofisoshi da dare ba ta san akwai abin da za a je a yi faɗa a kai ba. Shi ya sa a cikin 'yan ajin ƙarshe, kusan ɗaya cikin uku ne na Maori da na tsibirai ke samun damar jami'a, alhali na Turawa da na 'yan Asiya sun haura rabi.

Akwai wani yaro ɗan Tonga da ba zan manta da shi ba. Ƙarfe shida na yamma yake shigowa aji da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan sito a cikin jaka, domin daga wurina aikin dare zai wuce, lodin kaya. Shi ne na farko a duk danginsu da ya taka jami'a, kuma rabin albashinsa kuɗin haya ne na gidansu. Ranar farko a ɗakin gwaje-gwaje na lura yana satar kallon hannun na kusa da shi kafin ya taɓa kowace kwalba. Ashe makarantarsu ba ta da malamin kemistiri na ajin ƙarshe, ta intanet suka yi darasin. Amma in na ba shi lissafin sinadarai, kafin in juya ya gama.

Tsakiyar zango ya ɓace mako biyu. Da ya dawo, baƙaƙen kaya ne a jikinsa daga sama har ƙasa. Kakansa ne ya rasu, su kuma makokinsu ba na kwana ɗaya ba ne, kuma a matsayinsa na jika namiji shi ne mai dafa abinci da ɗaukar kaya. Ya rasa gwaji guda. Na ce masa ai akwai takardar neman uzuri, me ya hana ka cikewa? Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya zuwa gaban babba ya roƙi alfarma ba. Mu Hausawa mun san wannan kunyar. Wata ɗaliba 'yar Samoa da ke aji uku ita ta kama shi suka je ofishin lakcara tare, ta yi magana ya tsaya a bayanta. Wannan shi ne abin da suke kira tuakana da teina, wato wa da ƙane. A Jami'ar Auckland, Farfesa Michael Walker ya fara shirin Tuakana a sashen nazarin halittu a 1991, daga baya ya bazu zuwa sauran tsangayoyi. Yaron ya ci kwas ɗin, kuma da ƙarfinsa ya ci, don takardar jarrabawar iri ɗaya ce da ta kowa.

Wannan na ƙarshe shi nake so Ummi ta sani. A wurin shiga ne ake sassautawa. Daga nan ƙawarta za ta rubuta jarrabawar da kowa zai rubuta, ta tsaya gaban majinyaci a duba ta kamar kowa, in ba ta iya ba ba za a ba ta takardar likita ba. Kuma tsarin ba sabo ba ne. Na Auckland, wanda ake kira MAPAS, tun 1972 yake. Jami'ar Otago, ɗayar mai yaye likitoci, ta sabunta nata a 2012, da manufar ajin likitoci ya zama madubin al'ummar da za su yi wa aiki, kuma bai tsaya kan Maori da 'yan tsibirai ba. Akwai gurbin 'yan karkara, da na waɗanda suka fito daga makarantun talakawa, da na 'yan gudun hijira. Ɗan Bature manomi daga wani ƙauye ma ta irin wannan ƙofar yake shiga.

Baban Sadik, Kaduna, ya amsa:

Hajiya, ki yi haƙuri, ni dai ina bayan yarinyar nan. Ban taɓa zuwa Niyu Zilan ba, amma na san kota, don shekara ashirin ina koyarwa a sakandaren gwamnati. A nan kashi 45 cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari baya. An daɗe ana yi. To wa ke cin moriyar kashi ashirin ɗin? Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, bai taɓa kwana a ƙauyen kakansa ba, ya je ya karɓo takardar ɗan asali ya shige. Ɗalibina da ke zaune a ƙasa saboda babu kujera, ko kuɗin rajistar JAMB bai samu ba, balle a zo maganar kaso.

Malam Ɗan Zazzau, da bakinka ka ce tun daga sakandare ake rabuwa. To me zai hana a kai kuɗin da ƙarfin can, a ɗauki malamin kemistiri a makarantar yaron nan? In kuma dole sai an ware gurbi, a duba aljihun uba, a bar zancen ƙabila. Talaka talaka ne ko daga ina yake. Yarinya ta yi shekara tana hana idonta barci, a ce mata makinki ya yi amma asalinki bai yi ba, wannan tabo ne da ba ya gogewa da wuri. Ita ma ƙawar tata an ɗora mata kaya, kin ga har haƙuri take bayarwa.

Nas 'Yar Katsina ta amsa:

Yaya Maman Ummi, sannu da wannan jarrabawa. Baban Sadik, maganarka akwai gaskiya a ciki, kuma a nan ma ana yin ta. Akwai 'ya'yan Maori masu hali da ke shiga ta wannan hanyar. Gwamnatin haɗaka da ta hau a ƙarshen 2023 ma ta rubuta a yarjejeniyarta cewa za a sake duba tsarin na Auckland da na Otago. Sai dai ni daga gadon asibiti nake kallon lamarin, shekara tara kenan.

A ƙidayar 2023, Maori kashi 17.8 ne na mutanen ƙasar, 'yan tsibirai kashi 8.9. A cikin likitoci kuwa, Maori wajen kashi 5 ne, 'yan tsibirai kashi 2 da 'yan kai. Ɗan Maori yana riga sauran mutane mutuwa da kusan shekara bakwai. Zazzaɓin nan da ke farawa daga ciwon maƙogwaro ya lalata zuciyar yaro, wanda ƙasashe masu arziki da yawa suka kusa mantawa da shi, har yau ina ganinsa, kuma kusan duk yaran da na gani da shi na Maori ne ko na tsibirai.

Akwai wani tsoho da aka kwantar a ɗakinmu karo na uku saboda hawan jini. Duk likitan da ya tambaye shi ko yana shan magani, sai ya ce e, ya kalli bango. Wata safiya wata matashiyar likita 'yar Maori ta zo zagaye. Ba ta buɗe fayil ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta gaishe shi da harshensu, ta faɗa masa dutsen garinsu da koginsu da zuriyarta, don haka suke gabatar da kansu, sannan ta tambaye shi nasa. Ashe ya san kakarta. Ina tsaye da abin awon jini a hannu na ga fuskar mutumin nan ta sake. Kafin minti goma ya gaya mata gaskiya: maganin jiri yake sa shi, shi kuma direban babbar mota ne, yana tsoron a karɓe masa lasisi, shi ya sa ya daina sha bai faɗa wa kowa ba. Aka canza masa wani. Na tuna kakata a asibiti a gida, gaban likitan da ba ya jin Hausa, tana gyaɗa kai ga abin da ba ta fahimta ba. A nan ne duba aljihu kaɗai ba ya wadatarwa, Baban Sadik.

Game da asali kuma, Yaya. A 1840 sarakunan Maori suka sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da masarautar Ingila, aka yi musu alkawarin ƙasarsu da dukiyarsu da 'yanci daidai da na Turawa. Ƙasar dai mafi yawanta ta tafi, ta hanyar yaƙi da ƙwace da kotu. Dokar makarantu ta 1867 ta sa a koyar da 'ya'yansu da Ingilishi, kuma har yau akwai tsofaffi da rai waɗanda aka zane saboda sun yi magana da harshen uwarsu a makaranta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sun nuna iyawarsu tun da wuri. Apirana Ngata, wanda hotonsa ke jikin takardar dala hamsin, ya gama digiri a kwalejin jami'a ta Canterbury a 1893. Te Rangi Hiroa ya fito likita daga Otago a 1904. Dukansu daga kwalejin Te Aute, wata sakandaren 'ya'yan Maori maza, suka fito. Sai a 1906 hukumar bincike ta gwamnati ta ba da shawarar kwalejin ta karkata zuwa noma da aikin hannu. Da gangan aka toshe hanyar. 'Yan tsibirai kuma an buɗe musu ƙofa lokacin da masana'antu ke neman leburori, da tattalin arziki ya karye a shekarun 1970 'yan sanda suka riƙa dirar musu da asuba suna neman takardu. Sai a 2021 firaministar lokacin, Jacinda Ardern, ta nemi gafara a madadin gwamnati.

Su ma Maori ba zama suka yi suna jiran a ba su ba. Da kansu suka kafa babbar makarantarsu a garin Otaki a 1981, suka fara gidajen renon yara da harshen Maori a 1982, makarantar firamarensu ta farko a 1985.

Ummi ta yi gaskiya, kakanta bai ƙwaci ƙasar kowa ba. Amma ki nuna mata cewa ba ƙawarta ce ta zauna a kujerarta ba. Kujerun ne kaɗan. Kowace shekara yara masu maki irin nata da yawa ake bari a waje, yayin da ƙasar ke ɗauko likitoci daga ƙetare. Kuma ƙofa ba ta rufe ba. Jami'o'in biyu suna ɗaukar wanda ya gama digiri, sannan an amince Jami'ar Waikato ta buɗe tata makarantar likitoci a 2028, gurbi 120, ita ma ta masu digiri ce.

Maman Ummi ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baban Sadik, har kai, domin abin da ka faɗa shi ne abin da ke bakin 'yata, kuma ban ce kuskure ne gaba ɗaya ba.

Jiya bayan isha'i na kira ta kicin ina yankan albasa, don na fi iya magana in hannuna na aiki. Ban fara da tarihin Waitangi ba. Nawa na fara ba ta. Na gaya mata a ajinmu na sakandare mu arba'in da biyu ne mata, mu uku muka rubuta JAMB, sauran an aurar da su ko babu kuɗi. Na gaya mata malamin fiziks ɗinmu ɗan bautar ƙasa ne da ya yi wata bakwai ya tafi, ba a kawo wani ba. Na gaya mata makina, da na 'yar ɗakinmu, da sunan da ta kira ni. Ta ajiye wayarta ta dube ni ta ce, "Mama, ke?" Na ce ni. Na ce mata in da ba a buɗe mini wannan ƙofar ba, da ban haɗu da babanki a jami'a ba, da ba a ƙasar nan kika girma ba. Na kuma ce mata har yau ina tuna 'yar ɗakin nan tamu, da shekarar da ta yi a gida tana jira, kuma ban taɓa ganin laifinta ba don ta ji zafi.

Ta yi kuka sosai. Ba ta ce ta yarda da tsarin ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Ta ce har yanzu tana ganin da an faɗa musu gaskiyar yawan guraben tun farkon shekara, da ta shirya zuciyarta. Amma da safe na ji ta a waya a ɗakinta, sun fi awa ɗaya. Daga baya ta fito ta ce ƙawar tata za ta zo ranar Asabar, in yi masa da miyar taushe. Ta kuma gaya mini abin da ban sani ba duk shekarun nan: kakar yarinyar na cikin waɗanda aka doka a makaranta saboda harshe, shi ya sa ba ta koya wa 'ya'yanta ba, ita jikar a jami'a ta fara koyonsa.

Ta yanke shawarar ci gaba da digirin kimiyya, ta sake nema bayan ta gama. Malam Ɗan Zazzau, ga tambaya gare ka. Tana tsakanin nazarin magunguna da nazarin aikin gaɓoɓin jiki, kuma kafin ƙarshen watan Janairu take so ta gama rajista. A cikin biyun, wanne ka ga ɗalibanka sun fi samun sauƙin riƙe maki mai kyau har shekara ta uku?